Jar Fitila a Shagari

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato ba ku bar ni na huta ba. Wannan ya tare ni a bakin masallaci, wancan a teburin mai shayi, kowa tambayarsa ɗaya: yaya hanya, ina kilishi? Kilishi dai ban kawo ba, ku yi haƙuri. Labarin kuwa duk wanda na fara ba shi sai in ga ya gyara zama yana jiran wurin dariya, ni kuma sai bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a ƙyale ni.

Sai na fara da bayanin aikina, don har gobe wasunku suna kawo mini wayar da ta faɗa ruwa wai in gyara. Ni ba mai gyaran waya ba ne. Aikina kula da wayar gilashin nan da ake binnewa a gefen titi, wadda muke kira fayiba. Siririya ce kamar gashi, haske ne yake bi ta cikinta ɗauke da maganar mutane. A kowane gari akwai ɗan ɗaki a gindin dogon ƙarfen sabis, a ciki akwai na'urar da take karɓar hasken ta miƙa shi gaba. In wani abu ya same ta, fitilar jikinta sai ta koma ja, a allon ofishinmu na Kano ma ta koma ja. Shi muke kira alam.

Ta Shagari ce ta yi ja ana tsakiyar bazara. Alam ya nuna katin da yake karɓar haske ya daina amsawa, sabis ya ɗauke a garin da ƙauyukan kewaye. Injiniyanmu na can ya ajiye aiki ba a maye gurbinsa ba, sabon kati kuma sai a sitonmu na Kano. Shugaban sashenmu, Oga Munzali, ya kira ni ya juyo mini da allonsa.

"Sagiru, dubi nan," in ji shi. "Kafin katin ya mutu, kullum da rana ana buɗe ƙofar ɗakin nan. Wa yake riƙe da makulli?"

Na ce, "Maigadi, Baba Altine."

"To ka je ka duba. In hannunsa ne, ka gaya mini, a ranar za a sallame shi."

Ban taɓa ganin Baba Altine ba, amma na san muryarsa. Shi ya kira ni da kansa lokacin da na'urar sanyaya ɗakin ta lalace, ya sake kira, ya kuma kira. Na kai maganar sama, aka ce a jira. A cikin hirarmu na ji cewa ƙafarsa ɗaya ta shanye, noma ya gagare shi, gadin nan shi yake ciyar da gidansa. Don haka na fita daga ofis da niyya ɗaya, in je in samo dalilin da ba shi ba.

Motar kamfani tana gareji, kamar yadda take kullum in tafiyar ta ƙaramin ma'aikaci ce. Sai na shiga ta haya. Rigima ta farko da direba na yi ta, don ya nace sai an saka kwalin da sabon katin yake ciki a but, ƙarƙashin buhunan wata hajiya. Na ce ko da wasa. Na rungume kwalin a cinya kamar mai jego. Wani dattijo da yake gefena ya yi ta satar kallonsa, can dai ya kasa haƙuri ya ce, "Ɗan nan, magani ne?" Na ce kusan haka ne. Sai ya shiga ba ni labarin ciwon gwiwarsa, bai tsaya ba sai Funtuwa.

Daga Funtuwa hira ta fara mutuwa da kanta. Kun san hanyar, ba sai na faɗa ba. Kowa ya zuba wa daji ido, carbi ya fito daga aljihun mutanen da ban yi zaton suna da shi ba. A Gusau muka tsaya cin abinci. Ban kai rabin shinkafa da wake ba direba ya hau danna ham, wai shi ba zai bari rana ta yi sanyi yana wannan hanya ba. Na bar naman da na ajiye sai ƙarshe, har yanzu yana raina.

A wajen iyakar Zamfara da Sakkwato muka tarar da shingen masu kaki. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani dogo ya zazzage jakata, ya ci karo da ɗan alƙalamin da muke haska fayiba da shi. Ya danna, jan haske ya sauka a ƙirjin abokinsa. Nan take fuskoki suka canza. Na nuna shaidar aiki, na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci. Sai ya koma kan kwalin, zai zaro katin daga ledarsa da hannu. Na ce, "Yallaɓai, don Allah kar ka taɓa, wutar jikin mutum tana kashe shi." Ya ce, "Au, ni ne mai wuta a jiki?" Da ƙyar babbansu ya sa baki. Shi ma kafin ya sake ni sai da ya miƙo mini wayarsa, wai tun da ni ne mai sabis in gaya masa abin da ya sa ba ya samu a nan. Na ce zan kai magana sama. Da na koma mota ba wanda ya kalle ni, har mai ciwon gwiwa.

Ban tsaya a cikin Sakkwato ba, na wuce Boɗinga, don na'urar can ita take magana da ta Shagari, daga nan ya kamata bincike ya fara. Na sauka wurin Malam Shehu, wani malamin makarantar sakandare da aka turo aiki garin, abokin wani abokina. Ɗaki ɗaya gare shi, da littattafai da katifa da fankar da ba wuta. Ya karɓe ni kamar mun shekara tare.

A nan na gane mu Kanawa mun yi wa gaisuwa aski. Mu sai "ya aiki, ya gida," kowa ya kama gabansa. Su kuwa sai an tambayi gajiya, an tambayi zafi, an tambayi mutanen da ka baro da waɗanda ka taras, an dawo kan gajiya. Na amsa biyu na yi shiru, sai na ga maƙwabcin Malam Shehu yana kallona da tausayi. Sai fura. A gida fura abin sha ce bayan an ci abinci. Da aka ajiye mini ƙwarya na sha kaɗan na ture gefe ina jiran tuwo. Malam Shehu ya yi dariya ya ce, "Injiniya, sha hura, ita ta abincin." Na jawo ƙwaryata ba musu. Gaskiya ban taɓa shan mai daɗinta ba, sai dai kar ku gaya musu na ce haka.

Zafi kuwa, ku daina cewa ana zafi a Kano. Can iskar ma in ta taso gudunta ake yi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ruwan randar Malam Shehu, sanyi ƙalau kamar daga firji. Na duba sai na ga an naɗe randar da buhun algarara jiƙaƙƙe. Ya ce haka kowa yake yi, su masu lambu na Dancadi ma da shi suke rufe kayan miya in za su kasuwa. Na yaba dabarar, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida tare da sauran mutanen gidan, don ɗaki ba ya kwantuwa.

Da safe na shiga ɗakin na'urar Boɗinga. Wallahi tun da na fara aikin nan ban taɓa addu'ar a ce fayiba ta tsinke ba sai ranar. In masu gyaran titi ne suka datse ta, ko wani ya haƙa rami, shi ke nan Baba Altine ya fita. Na auna hasken da Boɗinga take aikawa, lafiya lau yake. Na auna wanda ya kamata ya dawo daga Shagari, babu ko ɗigo. Na goge bakin wayar, na canza ɗan ƙaramin idon da yake fitar da hasken, ko shi ne. Shiru. Sai na ɗaura na'urar da take harba haske cikin fayiba ta faɗi inda ta karye. Ta zana mini layi miƙaƙƙe tun daga Boɗinga har Shagari, ba karaya ko ɗaya. Na sake harbawa don kar in yarda. Amsar ba ta canza ba. Na zauna a kan akwatin kayan aikina. Yanzu ya tabbata matsalar tana cikin ɗakin da makullinsa yake hannun tsohon nan.

A tasha kuma na yi kuskuren barin rigar aiki a jikina. Wani mai sana'ar tura kuɗi da waya, wanda ya baro Shagari ya zo Boɗinga neman sabis, ya tare ni ya wanke ni tas. Wani daga Horo Birni ya ce ɗansa yana Kurmi, can kudu, ba su san halin da yake ciki ba. Duk da haka su ne suka matsa suka ba ni gaban mota, wai kar abin gyaran ya wahala.

Dogon ƙarfen yana bayan gari, an kewaye shi da shingen waya. Tun daga nesa na hango mutum ya miƙe daga kan benci yana dogara sanda. Gajere ne, farin gemu, rigarsa ta koɗe amma a wanke take. Ina yin sallama ya gane muryata.

"Injiniya Sagiru! Kai na? Maraba, maraba! Ashe yaro na, ni ina jin murya nike cewa babban mutum na."

Muka yi gaisuwa, wannan karon na cika ta har ƙarshe, don ba na son a zo wurin buɗe ƙofa. Ya nuna mini inda yake share ciyawa, ya nuna mini janareta da ya goge har tana ƙyalli. Sannan ya jawo makullin da yake ɗaure a igiyar wuyansa ya buɗe.

Warin danshi ne ya fara dukana, irin na ɗakin da aka rufe da damina. Ƙasa a jiƙe. Bokiti biyu a gefe. A kan akwatin na'urar kuwa, daga sama har gefe, an lulluɓe shi da buhunan algarara, ruwa yana ɗiga daga bakinsu. Fitila tana nan ja.

Na ce, "Baba, wa ya sa wannan?"

"Ni na," in ji shi, yana murmushi. "Kai dai ka ga zahin ga. Tun ran da mai sanyi tal lalace, abin ga kuka shika yi awa jinjiri. In nit taɓa ƙarhen sai shi ƙone ni. Na kira ka, kac ce an kai magana sama. To ina zaune ina jin kukanai? Sai nij jiƙa buhu nir ruhe shi. Wallahi nan take yay yi shiru. Kullum azahar ina canza mai, ruwan ma daga rijiya mai daɗi nika ɗebowa, ba na rahi ba."

Da ƙafar nan tasa yake jan bokiti daga rijiya, a wannan rana, kullum. Na kwashe buhunan, na ɗaura igiyar da take sauke wutar jiki a hannuna, na zaro katin. Ba sai an auna ba. Gefensa duk ya yi kore, ga farin tabo inda ruwa ya bi ya bushe. Fankokin na'urar sun yi ta zuƙo danshi suna hura mata a ciki. Abin da ban sani ba, kuma har yau ban sani ba, shi ne ko da bai rufe ta ba zafi zai kashe ta tun kafin haka. Mai yiwuwa ma shi ya ja mata kwana. Amma na san ofishinmu, ba wanda zai tsaya wannan lissafi.

Na ce, "Baba, ruwan nan ne ya kashe katin."

Ya dube ni, ya dubi katin. Murmushin ya tafi a hankali. "Ruwa? Ai ban zuba mai ba. Bisa niɗ ɗora."

"Na sani. Yanzu dai ka kwashe buhunan nan ka kai gida. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce kana buɗe ƙofa ne don iska ta shiga. Kar ka ambaci ruwa."

"Don mi?" in ji shi. "Abin kunya niy yi?"

"Ba ka yi ba. Amma za su kore ka."

"Haba Injiniya. Mutum shi yi jinyar kayan mutane, su kore shi? In sunka ji yadda anka yi, ai sai su gane."

Na roƙe shi har da haɗa shi da Allah. Ya yi shiru, ya kwashe buhunan ya shanya a kan waya, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin ya yarda.

Sauran aikin ba wuya. Na kashe na'urar, na goge cikinta, na bar ƙofa a buɗe har komai ya bushe. Zafin da ya jawo masifar shi ya taimaka wurin busarwa. Bayan la'asar na zura sabon kati na kunna. Fitila ta yi ja, ta yi ta ƙiftawa, ta koma rawaya, ta daɗe a nan har na fara salati, sannan ta zama koriya. Na auna haske, ya iso daga Boɗinga cif. Kafin in rufe akwatin na ji wayoyi suna kuka a bakin shinge, inda mutane suka taru suna jira. Wani ya yi kabbara. Mai tura kuɗin nan da ya zage ni ya ɗago mini hannu biyu.

Ni ma tawa ta yi kuka. Oga Munzali ne.

"Na ga ta yi kore, sannu. Me ya kashe katin?"

Na ce, "Zafi ne, Oga. Ka san na'urar sanyi ta daɗe a mace."

"Ƙofar fa?"

"Iska yake ba ta."

"Ba ni maigadin."

Na buɗe baki zan ce ya tafi masallaci, ashe yana tsaye a bayana, kuma wayata ƙara gare ta. Sai ji na yi ya ɗaga murya, "Ranka shi daɗe, ga ni!" Ya miƙo hannu biyu ya karɓi wayar, har da ɗan rusunawa kamar Ogan yana gabansa. Na yi masa alama da ido, na girgiza kai. Ya juya mini baya.

Ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo. Sannan ya faɗa masa komai, da kukan na'urar, da buhunan, da rijiyar. Ya ƙara da cewa, "Injiniya ya ce ruwan na yak kashe shi. In haka na, ban sani ba, a gahwarce ni. Amma ba ni son a ce an tambaye ni na ɓoye." Na ji Oga ya ce, "To Baba, sannu da ƙoƙari. Ba wa Sagiru." Baba Altine ya miƙo mini wayar fuskarsa a sake, ya ce a hankali, "Ka gani? Ya gane."

Na matsa bayan janareta.

"Ka ji da kunnenka," in ji Oga. "Ka karɓi makullin. Zan kira masu kawo mana 'yan gadi su turo wani."

Na ce, "Oga, sau nawa mutumin nan ya kira a kan na'urar sanyi? Da an gyara ai da bai taɓa buhu ba."

"Na'urar sanyi maganar wani sashe ce. Ruwa a cikin kayana maganata ce. In na rufe wannan, gobe ni za a tsare. Kai ma da ka ce mini zafi ne, ka gode Allah na yi kamar ban ji ba."

Ya kashe. Na tsaya riƙe da waya, ina jin mutane a waje suna ta "alo, alo" cikin murna. Ban taɓa jin na tsani aikina kamar wannan lokaci ba.

Na dawo na same shi yana ɗauraye bokiti. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Baba, an ce in karɓi makulli."

Ya ɗago. Bai tambaye ni dalili ba. Sai ya ce, "Aikin na yaƙ ƙare?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To." Ya ciro igiyar daga wuyansa, ƙullin ya ƙi kwancewa, sai ya ba ni har da igiyar. Ya shiga 'yar rumfarsa ya naɗe tabarma, ya ɗauki buta da fitilar hannu, ya sauke buhunansa daga kan waya ya ninke su ɗaya bayan ɗaya. Na ce zan yi magana, zan rubuta, zan je har wurin manya. Ya ce Allah shi saka da alheri. Ni da shi duk mun san inda maganata take tsayawa.

Na kulle ɗakin, na kulle ƙofar waje. Na tsayar da wani mai babur da zai kai ni bakin titi, ya tayar. Sai na ga Baba Altine bai kama hanyar gari ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa a waje, a gindin wayar, ya jingina sandarsa, ya zauna.

Na ce, "Baba, ba za ka gida ba?"

"Sabon bai iso ba," in ji shi. "Akwai mai cikin janareta, akwai batura. Ba a barin wuri ba kowa. Tahi, Injiniya, kar dare shi yi maka bisa hanya."

Muka tafi. Na waiwaya sau ɗaya, yana nan zaune a wajen ƙofar da na kulle, ya zuba wa hanya ido yana jiran wanda zai gaje shi.